Yadda ake gwada ƙarfin maganin siteroyid wajen riƙe gishiri a jikin ɓera

Muddin ƙullin adirinal biyu da ke zaune a kan ƙodojin ɓera suna nan, aldositeron ɗin jikinsa, wato sinadarin da suke fitarwa mai sa ƙoda ta riƙe gishiri, zai rufe aikin duk maganin da aka ba shi. Don haka, bayan kwamitin kula da dabbobin gwaji ya amince, sai a cire su duka biyun ta baya, ƙarƙashin maganin sa barci, a bi da maganin rage zafi. Ɓeraye maza masu nauyin giram 150 zuwa 200 sun fi daɗin aiki.

Daga ranar tiyata ruwan shansu ya koma ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100. In babu shi sodiyam zai zurare ta fitsari, fotasiyam ya taru a jini, ɓeran ya mutu cikin 'yan kwanaki. A daren da gwaji zai kama, a ɗauke abinci, a mayar musu da ruwa zalla.

Da safe a raba su rukuni-rukuni: wasu su samu abin da aka narkar da maganin a ciki kawai, wasu DOCA (siteroyid da aka san ƙarfinsa na riƙe gishiri) a matsayin ma'auni, saura kuma maganin da ake gwadawa a awo uku mabambanta. Allurar ƙarƙashin fata ce. A matsa mara a hankali mafitsara ta zube, a ba kowanne ruwan gishiri daidai da nauyinsa, a sa shi a kejin da ke raba fitsari da kashi na awa huɗu zuwa biyar. Kada a gajarta lokacin, domin maganin yakan ɗauki kusan awa guda kafin ƙoda ta fara amsawa. A auna sodiyam da fotasiyam ɗin da ke cikin fitsarin da na'urar da ke gane yawansu daga hasken harshen wuta, sai a lissafa a raba adadin sodiyam da adadin fotasiyam a samu lamba ɗaya. Raguwar wannan lamba ita ce shaidar riƙe gishiri.

Fassarar sakamakon ita ce inda aka fi tuntuɓe. Fuludurokotizon, wanda Fried da Sabo suka haɗa a 1954 ta hanyar ɗora fulorin a kabon na 9 na kotizol (wani sinadarin da adirinal ke fitarwa), yana riƙe gishiri fiye da kotizol sau ɗari da wani abu. Deksametazon ma yana da wannan fulorin, amma metil ɗin da ke kabon na 16 ya kusan kashe masa ƙarfin riƙe gishiri. Sai dai magunguna irin su deksametazon suna ƙara yawan ruwan da ƙoda ke tacewa, suna kuma fitar da fotasiyam, sai lambar ta sauka alhali sodiyam bai ragu ba ko kaɗan. Shi ya sa a ganinmu bai kamata a ba da rahoton lambar ita kaɗai ba. A rubuta yawan fitsari da jimillar kowane gishiri daban.

Ɓurɓushin abinci ko kashi a cikin fitsari yana ɓata awon fotasiyam. Ɓeran da aka bari a kan ruwa zalla bayan gwaji ya ci gaba da ƙiba kuwa, akwai guntun adirinal da ya rage a jikinsa, a fitar da shi daga lissafi.