Yadda Ake Mayar da Kuɗin Tallafi Jarin Sana'a

Tallafin kuɗi da Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta fara bai wa gidajen talakawa a zamanin Shugaba Buhari ya kasance naira 5,000 a wata; a wancan lokaci ana haɗa na wata biyu a biya 10,000 lokaci guda, kuma galibi a hannun uwar gida ake damƙa shi. A shekarar 2023 aka sanar da naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Kuɗin ba su da yawa, ba kuma sa zuwa a kan lokaci, saboda haka sai da dabara suke barin wani abu a gida.

Da farko a tabbatar sunan gidan yana cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, a kuma mallaki lambar NIN da asusun ajiya. Jama'ar unguwa ne ke tantance mabuƙata a gaban jami'ai, ba a biyan ko kwabo; duk wanda ya nemi na goro ko lambar sirrin kati, ɗan damfara ne.

Daga nan sai miji da mata su raba kuɗin tun kafin su shigo, domin ranar da aka ji an biya, mai bin bashi da ɗan'uwa mai biki duk sukan iso ƙofa. A ware na hatsi da magani, sauran kuma a kira shi jari, kada a taɓa.

Zaɓen sana'a shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. A ganina sana'ar da hannu ya riga ya saba da ita ta fi wadda aka gani wurin maƙwabciya. Mai ƙuli-ƙuli, misali, takan auno gyaɗa tiya biyu ko uku, ta soya, ta kai inji, ta matse mai ta zuba a kwalba, tunkuzar kuma ta murza ƙuli, ga riba biyu daga awo ɗaya. Akuya ma jari ce, sai dai takan yi kusan wata biyar kafin ta haihu, kuma kullum tana neman dusa.

Idan ciniki ya kankama, a shiga adashe da matan da aka yarda da amanarsu, a riƙa zubi daga riba kawai. Ranar kwasa a ƙaro gyaɗa lokacin kaka, sa'ad da take araha, a adana ta a buhu nesa da danshi.