Talabijin ya ƙi kama waifai? Kada ka yi saurin kiran ɗan adaidaita

Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi Umma ta aiko ƙanina ya kira ni. Talabijin ɗin falonta, mai inci 43 da yayanmu ya sayo mata tokumbo, ya daina kama intanet. Ita kuwa ba ruwanta da kowace tasha, tafsiri take bi a YouTube bayan tarawi. Ko da na iso, ƙanin nawa har ya kwance shi daga bango, ya naɗe shi da bargo, yana jiran ɗan adaidaita ya kai su wajen mai gyara.

"Umma, a ba ni rabin awa," na ce.

"Kai dai da son taɓa abin da ba ka sani ba. In ka ƙarasa shi kai za ka biya."

Na sa aka mayar da shi mazauninsa. Ni ba makanikin lantarki ba ne, amma na sha fama da irin wannan a gidana da gidajen 'yan'uwa, kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin laifin ya zama na kayan cikin talabijin.

Abu na farko da nake yi kullum shi ne in raba gardama tsakanin talabijin da rauta, wato na'urar da ke watsa waifai a gida. Kunna hotsifot a wayarka, ka tsaya da ita dab da talabijin, ka sa shi ya nemo sunanta ya haɗu. In ya haɗu YouTube ya buɗe, to lafiyarsa ƙalau, ka koma kan rautar gida ko maifai ɗinka, wato 'yar ƙaramar rautar aljihu. In ya ƙi, matsalar tana wajensa. Gwajin minti biyu ne, amma yana hana ka ɓata wuni guda kana barin jaki kana dukan taiki. Sai dai a kula: wasu wayoyin suna watsa hotsifot a zangon 5GHz, wanda talabijin da yawa ba sa ganinsa. A wayar Android ka shiga saitin hotsifot ka zaɓi 2.4GHz. A iPhone 12 da waɗanda suka biyo bayanta akwai maɓallin Maximize Compatibility, shi ke yin wannan aikin.

Na Umma ya kama hotsifot ɗina nan take. Bargo ya koma kan gado.

Daga nan sai abin da kowa ke rainawa: kashewa da kunnawa. Danna jan maɓallin rimot ba kashewa ba ne, barci kawai talabijin yake yi, duk abin da ya rikice a ƙwaƙwalwarsa yana nan. Zare fulogi daga soket, ka zare na rauta ma, ka ba su minti guda. Rautar za ka fara mayarwa, ka jira fitilunta su natsu, sannan talabijin. A unguwar da ake ɗauke wuta a dawo da ita sau biyar a yini, sau da yawa talabijin ne ke riga rauta farkawa, ya leƙa bai ga kowa ba, ya haƙura.

Ka kuma tabbatar akwai data. Kada ka yi dariya. Talabijin zai nuna maka ya haɗu da waifai, alamar ta cika taf, alhali layin da ke cikin rautar babu ko sisi. Haɗuwa da rauta daban, samun intanet daban. Kashe datar wayarka, ka hau waifai ɗin gidan da ita, ka buɗe kowane shafi. In bai buɗe ba ka gano. A Najeriya *323# ke nuna ragowar data a duk layuka, in kana iya zare layin ka sa a waya. Ƙaramin maifai kuma yana da iyakar na'urorin da yake ɗauka, da yawa goma ne. Gidan da yara suka rarraba kalmar sirri har maƙwabta, talabijin zai zo ya tarar babu wurin zama.

Yanzu ga wadda ta fi wahalar da mutane, don ba wanda zai yi zatonta: agogo. Yawancin talabijin ba su da batirin da ke riƙe musu lokaci in an ɗauke wuta. Wani in ya farka sai ya koma wata shekara can baya. Su YouTube da Netflix kuwa ba sa buɗewa sai na'ura ta duba takardar shaidar tsaronsu, kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Talabijin da ke zaton shekarar 2015 ake ciki zai ga takardar kamar ba ta fara aiki ba, sai ya ƙi yarda da ita. Alamar wannan ciwo ita ce waifai ya haɗu, data na nan, waya na aiki, amma kowace manhaja a talabijin tana kukan babu intanet. Shiga saiti, ka nemo kwanan wata da lokaci, ka gyara da hannu, daga baya ka mayar da shi kan ya riƙa saita kansa. Lokacinmu GMT+1 ne.

A gidan Umma duk waɗannan lafiya lau. Ciwon nata wani iri ne: sunan waifai ɗin gidan sam ba ya cikin jerin da talabijin ke nunawa. Na maƙwabta uku suna nan, namu babu, ga shi kuma kowace waya a gidan tana ganinsa.

Dalili biyu ke kawo haka. Na farko zango. Rautocin yanzu suna watsawa a 2.4GHz da 5GHz. Na 5GHz ɗin ya fi gudu amma bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna cinye shi, kuma talabijin masu sauƙin kuɗi da tsofaffi 2.4 kaɗai suka sani. In wani ya kashe shi a rauta, shi ke nan. Na biyu lambar tasha. Zangon 2.4 an yanka shi tasha-tasha, a ƙasashe da yawa daga 1 zuwa 13, amma kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi a 11 suke tsayawa. Sai na leƙa bayan talabijin na ga ɗan taransfomar da ke rage masa wuta, na tuna kayan kasuwar Amurka ne. Rautar kuwa an bar ta tana zaɓar tasha da kanta duk lokacin da ta kunnu. Ranar da ta faɗa 6, Umma ta sha kallo. Ranar da ta faɗa 13, sai a ce talabijin ya lalace.

Gyaran ba wuya. Juya rautar, akwai takarda manne a ƙasanta ko ƙarƙashin batiri mai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, tare da sunan shiga da kalmar sirri. Rubuta adireshin a burauzar wayar da ke kan waifai ɗin, ka shiga saitin waifai, ka tabbatar 2.4GHz a kunne yake, ka ɗaure tashar a 1 ko 6 ko 11. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna. Tunda ka shigo, duba nau'in tsaro: in WPA3 ne zalla ka mayar da shi WPA2, tsofaffin talabijin ba su san na ukun ba, sai su yi ta ce maka kalmar sirri ba daidai ba alhali daidai ka rubuta. Ni na kan raba wa zangunan biyu suna daban-daban don in san wanda kowace na'ura ta hau. Na ɗaure tamu a 6, kafin in ajiye waya sunan ya fito.

In sunan yana fitowa amma haɗuwa ta gagara, sa talabijin ya manta da waifai ɗin ka sake rubuta kalmar sirri a tsanake, da alamar ido a buɗe. Rubutu da rimot azaba ne, babban baƙi da ƙarami kuma ba ɗaya ba ne. Duba adireshin IP da ya samu, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura: in ya fara da 169.254, rauta ba ta ba shi lamba ba, sake kunna ta. In lambar daidai ce amma shiru, canza DNS, wato abin da ke nemo masa adireshin shafuka, da hannu zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Mayar da talabijin yadda ya fito daga kamfani shi ne na ƙarshe, don zai share duk asusunka, kuma na san ba ka tuna kalmar sirrin imel ɗin da aka buɗe maka shi da ita ba.

Yaushe za a kira ɗan adaidaita? Idan jerin waifai ya zama fayau, ko hotsifot ɗin da ke manne da allon bai gani ba, bayan ka zare fulogi ka kuma mayar da saitin kamfani. Wannan ɗan allon waifai na ciki ne ya mutu, ana canza shi. Ko a nan ma ni ba na gaggawar a buɗe bayan talabijin. In yana da ramin wayar intanet, rautar ma tana da shi, sayi igiyar ka haɗa su kai tsaye, ta ma fi waifai tsayuwa. In babu, ɗan akwatin Android da ake cusawa a ramin HDMI zai ɗauke masa aikin gaba ɗaya.

Kafin in tafi na rage ingancin hoton YouTube zuwa 480, domin hoto mai kaifi yana iya lashe wajen gigabait 2 zuwa 3 a awa guda, malam kuma zaune yake a kan kujera ba ƙwallo yake bugawa ba. Umma ta gyara tabarau ta ƙura wa allon ido.

"Me ya sa gemun malam ya yi dishi-dishi?"

"Umma, don datar ta kai mu salla ne."

"To bar shi haka. Ai muryar nake so."