Yadda Za Ka Zaga Mashayun Kangayen Budapest Da Yamma Ba Tare Da Ka Taɓa Kwalba Ba

Tun da na dawo Gusau daga karatu a ƙasar Hangari, duk yaron da sunansa ya fito a tallafin karatu na Stipendium Hungaricum sai an turo mini shi gida. Tambayoyin ba sa wuce sanyi, abinci, da inda ake sallar Juma'a. Amma akwai wadda ba sa yi a gaban iyayensu, sai mun fito rakiya bakin titi: wai mene ne gaskiyar mashayun nan na cikin kangaye da suke gani a TikTok, kuma idan 'yan ajinsu suka gayyace su, su je ko su ƙi? Ga amsar da nake ba su, na rubuta ta don na huta da maimaici.

Ƙanena, fara da sanin abin da za ka je gani. Kogin Danube ya raba birnin gida biyu, Buda mai tuddai da Pest mai shimfiɗe, kuma a 1873 aka haɗe su suka zama Budapest. Mashayun suna ɓangaren Pest, a gunduma ta 7, tsohuwar unguwar Yahudawa. A ƙarshen 1944 aka killace mutum kusan 70,000 a 'yan titunan nan, aka kewaye su da shinge, yunwa da cuta da kisa suka ci dubbai kafin sojojin Tarayyar Soviet su iso a watan Janairun 1945. Da yawa daga masu gidajen ba su dawo ba. Gwamnatin gurguzu ta karɓe gine-ginen, ba ta gyara ba, fenti ya zube, rufi ya fara yoyo. Bayan faɗuwarta a 1989 wasu gidajen suka zauna wayam ana jiran a rushe ko a sayar. A farkon shekarun 2000 wasu samari suka kama hayar irin waɗannan wurare da araha, suka kwaso kujerun bola suka zuba, suka fara sayar da abin sha. Ba su shafe bango ba, ba su yi silin ba. Wannan rashin gyaran shi ne ya zama abin kallon da mutane ke hawa jirgi don su gani.

Batun addini ba zan kauce masa ba. Mu 'yan jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a ne a Janairun 2000, kuma hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne. Ni ba mai fatawa ba ne. Cikin waɗanda muka yi zama tare akwai wanda ya ce ko ƙofar wurin ba zai taka ba, kuma ban taɓa ganin ya yi asarar komai ba. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne: in shiga da wuri, in bi mai jagora in ga gini in ji tarihi, ba na zama a teburin masu sha, kuma ina fita kafin wurin ya rikiɗe. Ka tambayi malaminka tun kana gida. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, tsallaka zuwa ƙarshen rubutun nan, akwai wata hanyar.

Babban kuskuren da sababbin zuwa ke yi yana wajen zaɓen rangadin, domin iri biyu ne kuma tallarsu na kama da juna. Na farko yawon tarihi ne a ƙafa: mai jagora ɗaya, mutane kaɗan, awa biyu zuwa uku, yawanci ana farawa da yamma. Na biyu kuwa yawon shaye-shaye ne zalla, ana farawa da dare, a ɗaura maka wani zare a hannu, kowace mashaya aka shiga a miƙo maka ƙaramin kofi na barasa da ka riga ka biya a cikin tikiti. Ka karanta tallar a hankali. Da ka ga an yi alkawarin abin sha kyauta ko shiga gidan rawa a ƙarshe, ba naka ba ne. Wanda ya ambaci unguwar Yahudawa, zanen bango da tarihi, shi za ka ɗauka. Tura wa masu shirin saƙo tun kafin ranar ka ce ba ka shan giya. Ba baƙon zance ba ne a wurinsu. Akwai kuma rangadin da ake cewa kyauta ne. Ba kyauta ba ne, a ƙarshe kowa zai ba mai jagoran abin da ya sawwaƙa, kuma da wannan yake ci. Kada ka sulale kamar ba ka gani ba, ka tanadi takardun forint, kuɗin ƙasar, a aljihu.

Lokacin sallah shi zai tsara maka ranar, kuma a can ba kamar nan ba ne da magariba ba ta yin nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai duk shekara. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata, don haka ka yi la'asar ka fita, ka gama zagayen tsaf da sauran rana. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, kafin shida an yi isha'i, sai ka sauke duka biyun a ɗakinka ka fito hankali kwance. Watannin tsakiya su ne masu wahala, domin magariba na iya riskar ka a tsakiyar rangadi. Ka fito da alwalarka. Banɗakunan wuraren nan babu buta, kuma ba inda za ka so ka cire takalmi ba ne. Idan kana son jam'i, taragon titi mai lamba 47 yana tashi daga dandalin Deák Ferenc tér ya haye kogi ya bi ta Fehérvári út, inda babban masallacin birnin yake.

A wannan dandalin na Deák Ferenc tér layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa uku suka haɗu, kuma galibin masu jagora a nan ko a gaban majami'ar Yahudawa ta titin Dohány suke tara mutanensu, riƙe da lema mai launi don a gane su. Je da wuri. Majami'ar kanta abin tsayawa ce: an gama ta a 1859, ita ce mafi girma a Turai, tana ɗaukar mutum kusan 3,000, kuma da hasumiyoyinta biyu masu kan albasa za ka rantse masallaci ne. Daga nan ake kutsawa cikin unguwa. Ka riƙa duba ƙasa, za ka ga ƙananan faranta na tagulla a daɓen ƙofar wasu gidaje, ɗauke da sunan wanda aka kama a gidan da shekarar da aka tafi da shi. Mai jagora nagari zai tsaya a kansu. Wanda ya wuce su da sauri don ya kai ku wurin kiɗa, ka san irin wanda ka samu.

Za a bi da ku ta Gozsdu Udvar, jerin tsakar gidaje da suka haɗa titin Király da titin Dob. Gidajen abinci ne birjik, an gyara shi fes, ni bai taɓa burge ni ba. Wuce kawai.

Inda za ka daɗe shi ne Szimpla Kert, a lamba 14 titin Kazinczy. Shi ne uban tafiyar. An fara shi a 2002, ya koma wannan ginin a 2004, wurin da a da masana'antar murhu ce. Daga waje ba ka ganin komai sai tsohon gida mai baranda da tukwanen fulawa. Ka shiga ta wani dogon zaure mai duhu, bangon duk rubutun mutane ne, suna a kan suna, har babu wurin sa yatsa. Sai ɗakuna su fara buɗewa hagu da dama. A wani an rataye tsofaffin talabijin da allunan kwamfuta suna ta walƙiya babu mai kallo. A wani an yanke bahon wanka gida biyu an sa katifa ya zama kujera. Kekuna a manne a silin, fitilu kala-kala a naɗe a jikin bututun ruwa, babu kujera biyu masu kama ɗaya. A tsakar gida akwai gawar mota ƙirar Trabant, irin ta Jamus ta Gabas, an cire mata rufi an mai da ita wurin zama. Hau bene ka leƙo ƙasa ta baranda, daga nan ne za ka gane cewa gidan mutane ne a da, ga ƙofofin ɗakuna a jere, ga inda aka taɓa shanya. Da misalin ƙarfe biyar ko shida wurin shiru ne, za ka ga masu tura jarirai da tsofaffi masu kyamara. Bayan tara kuwa layi ne a ƙofa da masu gadi suna duba jaka, kuma babu abin da ya rage maka a ciki.

Duk lokacin da na bi ta wajen tashar jirgin ƙasa ta Gusau ko tsofaffin sito-siton kamfanoni da ke Kantin Daji sai wannan gidan ya faɗo mini. Layin dogo ya iso nan tun ƙarshen shekarun 1920, ga masaƙa a rufe, ga gine-gine masu kaurin bango da akuyoyi kawai ke amfana da inuwarsu. Mu idan mun samu tsohon gini, ko mu rushe mu yi shaguna ko mu lulluɓe shi da tayil. Da wani zai samu izini ya share guda ɗaya, ya tabbatar rufin ba zai faɗo wa mutane ba, ya ja wuta, ya zuba tabarmi, ya kawo mai shayi da mai tsire, da matasa sun samu wurin hira ba tare da ɗigon barasa ba.

Mu koma Budapest. Idan ƙishi ya kama ka, ka je kanta da kanka ka saya, kada ka karɓi kofi daga hannun wanda ba ka sani ba. Lemon tsami da ruwan soda da suke haɗawa a babban kofi yana ko'ina, haka ma wani ruwan furen bishiya mai zaƙi da suke kira bodza. Kalmar da za ka haddace ita ce alkoholmentes, wato marar barasa, ka faɗe ta ka nuna abin da kake so. Ka kiyayi fröccs, domin a ido kamar soda yake amma da ruwan inabi mai sa maye aka haɗa shi, ka kuma kiyayi pálinka, wadda fara ce tas kamar ruwa kuma ita suka fi son miƙa wa baƙo don karramawa. Ka dafa ƙirji ka ce na gode, ya wadatar. A wurare da yawa za a caje ka kuɗin ajiya na kofin roba, ka mayar da shi kafin ka fita.

Abinci ya fi abin sha tarko. Mutanen nan masu cin alade ne, kuma ko miyar naman shanu ce ana iya soya albasarta da kitsen alade. Kusa da Szimpla akwai filin Karaván mai rumfunan abinci. Abin da nake saya a nan shi ne lángos, ƙullin fulawa da ake soyawa a mai, kamar fanken da aka baje ya kai faɗin faranti, a shafa masa tafarnuwa da kirim mai tsami a barbaɗa cuku. Ka ce kada a ɗora nama. Idan cikinka na neman abu mai nauyi, bari sai an tashi ka fita babban titin da ya kewaye unguwar, shagunan Turkawa masu kebab suna nan a jere, ka tambaya ko na halal ne.

Sai hoto. Wannan na fi ja wa yara kunne a kansa. Kai ka san lemo ne a hannunka, amma wanda ke kallon hotonka a WhatsApp daga Tudun Wada ba abin da zai gani sai kwalaben da ke bayanka, kuma kafin gari ya waye labari ya kai gidan su yarinyar da kake nema. Ɗauki bango, ɗauki motar, ɗauki baranda. Kada ka sa fuskarka kusa da kanta, kada kuma ka ɗauki mutanen da ba su ba ka izini ba. 'Yan'uwa mata masu hijabi suna zuwa rangadin yamma ba matsala, sai dai kallo, amma ku tafi ku biyu ko uku, kuma ku kauce wa gungun samarin Ingila da ke zuwa shagalin bankwana da gwauranci, tun da rana suke buguwa.

Ka kuma tuna akwai mutane da ke kwana a saman waɗannan gidaje. Hayaniyar ta ishe su har aka yi ƙuri'ar raba gardama a gundumar a 2018 kan a riƙa rufe mashayu da sha biyun dare. Yawancin waɗanda suka fito sun amince, amma ba a samu adadin da doka ke so ba. Mu da murya ba ta da maɓalli idan hira ta yi daɗi, a rage ta a kan titi.

Wajen komawa, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa idan dare ya yi nisa, amma tarago mai lamba 6 yana kwana yana aiki. Buga tikitinka a na'ura da zarar ka shiga, masu dubawa ba sa jin ban sani ba. Tasi sai mai launin rawaya, kuma ta manhajar waya za ka kira shi. Injin cirar kuɗi na bakin titi idan ya tambaye ka, zaɓi a caje ka da forint. Duk wadda ta tare ka da fara'a ta ce ka zo ta nuna maka wani wuri mai kyau, ka ce mata sauri kake, domin lissafin da za a kawo maka a can zai cinye kuɗin watanka. Katin zamanka ya kasance a jikinka, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Wanda kuma ya yanke cewa ba zai shiga da yamma ba, ya bari sai Lahadi da safe. Daga ƙarfe tara zuwa biyun rana Szimpla kasuwar manoma ce: zuma, cuku, burodi, barkonon paprika, ganyaye. Za ka ga duk ɗakunan da motar da rana tsaka. Ka dai tambaya kafin ka ɗanɗana abin da aka miƙo maka a kan tsinke, domin yawancin tsiran da ke rataye a rumfunan na alade ne.