Kurakuran da masu sayen tsohuwar Golf GTI suka fi tafkawa

Golf GTI mota ce mai daɗin tuƙi, babu mai musun wannan. Injinta mai tobo, lita 2.0, yana ba da ƙarfin doki 200 a ƙirar Mk5 da ta fito a 2004, da 210 a Mk6 da ta biyo baya a 2009. Da ka taɓa totur ta amsa, a kwana kuma ta lafe da titi. Matsalar ita ce yawancin masu sayenta Beljiyam suna riƙe ta yadda aka saba riƙe Golf 3 ko Corolla, motocin da ke haƙuri da kowane irin mai da kowane irin bakanike. GTI ba ta da wannan haƙurin, kuma kurakuran da ke kashe ta kullum su ne dai, ba sa canzawa.

Tun wajen saye ake fara kuskure: mutum ya biya kuɗi bai san wane inji ke cikin motar ba. Iri biyu ne, kuma ciwonsu daban. Na farko, EA113, bel ne ke juya masa taimin. Na biyu, EA888, sarƙa ce. Shekarar mota ba ta isa shaida ba, domin wasu Mk5 na Amurka na ƙarshen 2008 sun zo da mai sarƙa. Ka buɗe bonet ka nemi filtar baƙin mai. In tana tsaye a saman inji kana ganinta, mai sarƙa ne. In sai an shiga ƙarƙashin mota kafin a kai gare ta, mai bel ne.

In mai sarƙa ne, ga abin da ya kamata ya hana ka barci har sai ka gyara: tenshina, wato abin da ke ɗaure sarƙar ta yi tauri. Wadda aka sa wa motocin farko, har zuwa wajen 2012, tana da rauni. Takan saki idan mota ta kwana mai ya sauka, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya daki bawul. Daga nan ba gyara ake magana ba, sauke kan inji ne ko sayen wani injin. Alamarta ƙara ce kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, na daƙiƙa biyu ko uku, idan an tada mota da sanyin safiya. Shi ya sa dillali ke son ka zo ka tarar motar ta riga ta yi zafi. Kada ka yarda. Ka ce a bar ta ta kwana, kai za ka murɗa makulli da hannunka. Ko ba ka ji ƙara ba, akwai ƙaramin murfi a jikin marfin taimin na ƙasa, ana cire shi a haska fitila a ga wace tenshina ce a ciki. Sabuwar da aka gyara lambarta da 06K take farawa. Ni dai ba na jiran ƙara. In tsohuwa ce, a canza ta da sarƙa da robobin da sarƙar ke bi a kai, kafin motar ta yi tafiya mai nisa ko ɗaya.

Mai bel kuma nasa ciwon ɗan ƙaramin ƙarfe ne kamar murfin kwalba, wanda ke tsakanin kamshaf da famfon da ke matsa fetur. Yana da baƙin shafi a fuskarsa. Shafin na cinyewa, ƙarfen ya huje, ya cinye kamshaf da famfon gaba ɗaya. Kusoshi uku ne ke riƙe da famfon, duba shi ba ya cin awa guda. A duba duk kilomita 20,000, da an ga farin ƙarfe ya fito a sa sabo. Motar da ke yanke ƙarfi in an taka ta, kwamfutar gwaji ta nuna lambar matsala P0087 ko P2293, nan za a fara dubawa. Bel ɗin taimin kuwa, tunda ba ka san ranar da aka sa wanda ke ciki ba, ka canza shi da famfon ruwa da zarar ka saya.

Sai giya, inda aka fi yi wa motar nan kisan gilla. Giyar DSG, wato mai canza kanta da ake sa wa GTI, ba otomatik ba ce irin ta Camry. Kuloci biyu ne a ciki suna iyo cikin mai, kwamfuta na sarrafa su. Manta na musamman ne, lambarsa G 052 182, ana canza shi da filtarsa duk kilomita 60,000, kuma yana shan lita 5 zuwa 6. Amma sai ka ga an kai motar gareji, bakanike ya ɗauko jan man giyar otomatik ya ɗura, ya ce ai duk man giya ne. Ba duk ɗaya ba ne! Bayan ƴan makonni mota ta fara fizga in za ta tashi, haruffan giya su riƙa ƙiftawa a dashbod, daga nan ta ƙi shiga giya sam. Sai a ce DSG ba ta da ƙarko, alhali da hannu aka kashe ta. Giyar nan ko sandar auna mai ba ta da ita. Ta ƙasa ake ɗura man, a daidaita shi yana da zafin digiri 35 zuwa 45, ana karantawa a kwamfuta. Duk wanda ya ce zai yi maka wannan aikin ba tare da ya jona kwamfuta ba, ka karɓi makullinka cikin mutunci ka tafi. Kai ma direba kana da naka laifin: riƙe mota a kan hawa da totur maimakon birki, da jan ta kaɗan-kaɗan a cunkoso ƙafa na rabi a kan birki, duk cin kuloci ne.

Haka zancen cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan ƙasarmu akwai zafi. Injin nan an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya kasa kaiwa, sai ya riƙa shan fetur yana tara datti. In mota na zafi, a nemi dalili: fanka, lagireto, ko gidan famfon ruwa na roba da ke yawan yoyo a mai sarƙa. Kuma ruwan famfo ba ruwan lagireto ba ne, G12 ko G13 ake zubawa.

Baƙin mai 20W-50 ba nata ba ne. Ka nemi 5W-40 mai ɗauke da lambar VW 502 00, kusan lita 4.6. Da ƙura da zafin da muke ciki, ba na bari juye ya wuce kilomita 7,500. Injinan nan suna shan mai ko da lafiyarsu ƙalau, don haka a zaro sanda a duba duk mako.

Idan tana rawa a tsaye da safe, kada a yi ta sayen fulogi da kwayil. Fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska a wannan injin, don haka baƙin datti na taruwa a kansu, kuma babu maganin da za a zuba a tanki ya wanke shi. Sai an kwance an kankare. Ƙara mata ƙarfi ta kwamfuta kuwa, alhali an ƙera ta ne don fetur mai oktan (ma'aunin ingancinsa) 95 zuwa 98, neman magana ne in ba ka da tabbacin man da kake sha. Wili mai inci 18 da siririyar taya kyau ne a ido, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Inci 17 da taya 225/45 ya fi dacewa da titunanmu.

Kafin ka biya, ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi farashin tenshina, man DSG da famfon ruwa, ka ware kuɗinsu daban. In kuɗin da ke hannunka iyakar na sayen motar ne, ka nemi mai giyar hannu, ko ka haƙura tukuna har ka tara na gyaran farko.