Kada ku yi sayayya da katin da kuka mayar wa bashi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wanda ya kwashe bashinsa zuwa sabon katin bashi mai wa'adin da babu kuɗin ruwa, don Allah ya ajiye katin nan a aljihun tebur, kada ya ci gaba da yawo da shi.

Sau da yawa rangwamen na tsohon bashin ne kawai. Sabon abin da ka saya, ruwa zai hau kansa, kuma a katuna da dama tun ranar da ka saya yake fara hawa, tunda akwai ragowar bashi a kai. Ni ma na taɓa sayen takalmi da irin katin, sai da takardar lissafin katin ta ƙarshen wata ta zo na ga ruwa ya fito. Raina ya ɓaci sosai.

Ku raba bashin da yawan watannin wa'adin. In 1,800 ne a wata 18, to 100 duk wata, ban da ladan mayarwar da suke caja tun farko. Ku sa banki ya riƙa cirewa da kansa, domin saɓa biya sau ɗaya na iya soke rangwamen. Ranar ƙarewar wa'adin kuma, ku rubuta ta a waya.