Yadda Ake Gyara Naɗewar Saurin Jini a Hoton MRI

Idan aka auna saurin gudun jini da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wani lokaci za ka ga tsakiyar jijiya ta yi baƙi ƙirin alhali gefenta fari ne fat, kamar jinin tsakiya yana komawa baya. A mafi yawan lokuta ba baya yake komawa ba. Saurinsa ne ya zarce iyakar da aka sa wa na'urar, sai lissafin ya naɗe ya faɗo ta ɗaya ɓangaren. Gyaransa lissafi ne mai sauƙi, wahalar tana wajen sanin wane ɗigo ne na hoton ya naɗe, kuma sau nawa.

Kafin a taɓa komai, a fahimci daga ina matsalar take. Na'urar ba ta ganin sauri kai tsaye. Tana kunna filin maganaɗisu sau biyu a jere, na biyun kishiyar na farko. Naman da ke tsaye wuri ɗaya yana komawa yadda yake, jinin da ke tafiya kuwa siginarsa tana juyawa da wata kusurwa, gwargwadon saurinsa. Mai aiki da na'urar shi ke zaɓar saurin da zai ba da juyin digiri 180, lambar da ake rubutawa VENC a kan allon na'ura. Duk abin da za a iya karantawa yana tsakanin wannan lamba ta gaba da ita ɗin ta baya. Abin kamar agogon bango ne: idan ƙarfe goma sha biyu ta wuce da awa ɗaya, ƙarfe ɗaya hannun agogon zai nuna, ba sha uku ba.

Ga misali da alƙaluma. An sa VENC a santimita 150 cikin daƙiƙa, jinin kuma yana gudu 180. Juyinsa digiri 216 ne, amma na'urar za ta ɗauke shi digiri 144 ta baya, ta rubuta -120. Bambancin 180 da -120 shi ne 300, wato VENC sau biyu. Wannan ninkin shi ne duk gyaran.

Mataki na farko, ka tabbatar naɗewa ce. Buɗe hoton sauri, inda fari ke nuna gudu gaba, baƙi gudu baya, tare da hoton siffa na yanki ɗaya, ka bi bugun zuciya hoto bayan hoto. Naɗewa tana bayyana ne lokacin da zuciya ta matse, inda jini ya fi sauri, yawanci a tsakiyar jijiya ko cikin tsirin jinin da ke fita ta matsattsen bawul, wato ƙofar jini a zuciya. Alamarta ita ce iyaka mai kaifi: fari sosai ya jingina da baƙi sosai ba tare da ruwan toka a tsakani ba. Jinin da ke komawa baya da gaske sai ya rage sauri, ya ratsa ta sifiri, don haka za ka ga ruwan toka a kan iyakar. Kada kuma ka haɗa wannan da ɗaya naɗewar, wadda hannu ko bangon ƙirji ke faɗowa cikin hoto saboda filin ɗauka ya yi ƙanƙanta. Waccan maganinta faɗaɗa fili ne, lissafin sauri ba ya taɓa ta.

Mataki na biyu, idan majiyyaci yana kwance cikin na'urar har yanzu, ka sake ɗauka. A ganina babu gyaran manhaja da ya kai wannan, kuma sau da yawa riƙe numfashi ɗaya ne kawai. Ka ɗaga VENC ya ɗara saurin da kake tsammani da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. A babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ana yawan farawa daga 150 zuwa 200. Idan bawul ɗin ya tsuke ƙwarai, saurin kan kai 400 ko fiye, kuma idan an riga an yi hoton zuciya na sauti, lambar da aka samu can za ta nuna maka inda za ka fara. Sai dai kada tsoron naɗewa ya sa ka zabga lamba. Ƙurar da ke cikin ma'aunin, wato ɗige-ɗigen da ba su da ma'ana, tana ƙaruwa daidai da VENC. Ka ninka shi, ka ninka ƙurar, jini mai tafiya a hankali kuma ya ɓace a cikinta.

To, majiyyaci ya tafi, hoto kawai ya rage. Hanya mafi sauƙi ita ce gusar da taga. Faɗinta 300 ne a misalinmu, ba ya ƙaruwa, amma ana iya matsar da ita daga -150 zuwa +150 ta koma -50 zuwa +250. Nan take -120 zai koma 180. Wannan yana aiki ne idan jinin hanya ɗaya yake bi. Idan bawul yana yoyo, jini na dawowa da saurin da ya wuce 50, ka gyara gaba ka ɓata baya.

Abin da ya fi wannan inganci shi ne bin kowane ɗigo cikin lokaci. Ka zana iyakar jijiyar tukuna, domin iska da huhu ba su da sigina, kusurwarsu ƙura ce zalla, idan ka bar su a ciki za su ruɗa lissafin. Sannan ka fara daga lokacin da zuciya ta saki, inda jini ke tafiya a hankali kuma ka tabbata babu naɗewa. A ce ɗigo ɗaya ya ba da 90, sai 130, sai -120, sai -140, sai 110. Daga 130 zuwa -120 tsalle ne na 250, ya fi VENC, don haka naɗewa ce: ƙara 300, ka samu 180, na gaba kuma 160. Da aka zo 110 tsallen ya juyo, sai ka daina ƙarawa. Jerin ya zama 90, 130, 180, 160, 110, kuma ido ma ya yarda da shi. Sharaɗin wannan hanya guda ne, cewa saurin gaskiya bai canja da fiye da VENC ba tsakanin hoto da hoto. Idan hotunan sun yi tazara da yawa, ko farkon bugun ya zo da ƙarfi, sharaɗin ya karye, kuskure ɗaya kuma yana bin duk hotunan da ke bayansa.

Shi ya sa ake haɗawa da duba maƙwabta. Jinin da ke jikin bangon jijiya ya fi tafiya a hankali, sai a fara daga can a nufi tsakiya, duk inda aka ci karo da tsallen da ya wuce VENC a gyara. Manhajojin da ke sarrafa hoton gudun jini mai fuska huɗu, wato tsawo, faɗi, zurfi da lokaci, suna yin wannan ta kowace fuska a tare. Suna yin kyau a naɗewa ɗaya cikin babbar jijiya. A ƙaramar jijiya da duk faɗinta ya naɗe, babu maƙwabcin kirki da za a tambaya.

Akwai tarko a nan. A VENC 150, jini mai gudun 480 shi ma -120 zai nuna, domin ya naɗe sau biyu. Hoto ɗaya ba zai raba maka 180 da 480 ba. Inda ake tsammanin haka, ko ana son ganin jini mai sauri da mai tafiya a hankali a ɗauka guda, ana amfani da VENC biyu. A ce ƙaramin 60 ne, babban 200. Ƙaramin ya ba da -30, babban ya ba da 95 mai ƙura. Bambancinsu 125, ka raba da 120, wato ƙaramin VENC sau biyu, ka samu kusan 1. Naɗewa ɗaya ke nan, amsar ita ce 90, da tsaftar ƙaramin VENC. Kuɗinta ƙarin lokacin ɗauka ne.

Wani wurin kuma ba ya gyaruwa ko kaɗan. Bayan matsattsen bawul jini kan hargitse, saurinsa ya bambanta a cikin ɗigo guda, siginar ta mutu. Idan wurin ya yi duhu a hoton siffa, lambar da ke hoton sauri ba abin dogaro ba ce, ƙara mata 300 ƙawata ƙarya ne kawai.

Daga ƙarshe ka binciki aikinka, ko da manhaja ce ta yi shi da danna maɓalli ɗaya. Duba zanen gudun jinin: ramin da ke kan ƙololuwa ya cike? Naman da ke tsaye yana nuna kusan sifiri? Idan bai nuna ba, akwai karkatar tushe daga maganaɗisun na'urar, ita ma sai an cire ta daban. Sannan ka gwada adadin jinin da ya fita ta babbar jijiya da wanda ya shiga jijiyar huhu. Idan babu ɓula a zuciya ko wata haɗewar da ba ta dace ba, ya kamata su zo kusan ɗaya. A rahoto ka rubuta VENC ɗin da aka ɗauka da shi, da cewa an warware naɗewa, da hanyar da aka bi, domin likitan da zai karanta ƙololuwar saurin ya san lissafi ne ya fitar da ita.