Yadda ake gane kulkin jifa na Fiji na asali da yadda ake adana shi a Bauchi

Ula gajeren kulki ne da mayaƙan tsibiran Fiji, da ke tekun Pasifik, suka saba sokewa a zamanin da a ɗamara, biyu ko uku, su jefi abokin gaba da shi kafin su ƙarasa masa da babban kulki. Tsawonsa bai cika wuce santimita 45 ba. Kulki a wajensu abin martaba ne: a 1874, da Fiji ta shiga hannun Ingila, Sarki Cakobau ya aika wa Sarauniya Victoria babban kulkinsa na yaƙi. An dawo da shi a 1932, ya zama sandar majalisar ƙasar.

Idan za ka saya, fara da kan. Daga saiwar itace mai tauri ake sassaƙa ula, kai da mariƙi jiki ɗaya, kamar yadda masassaƙanmu ke fitar da ƙotar fartanya daga reshe guda. Shi ya sa ba ya karyewa a wuya in ya daki abu. Ka duba wuyan da kyau: in ka ga alamar haɗi ko gam, ka ajiye shi. Mai kai mulmulalle shi ne ula drisia, mai kai tsaga-tsaga kuma ula tavatava.

Sai nauyi. Na asali yana rinjayar hannu ta wajen kai, ya fi yadda ido ya zata. Na 'yan yawon buɗe ido sau da yawa itace ne mai laushi da aka shafa wa man takalmi. Goga farin ƙyalle a wani lungu. In ya ɗebo baƙi, ka samu amsa.

A mariƙin akwai zane mai lanƙwasa da ke hana santsi. A tsohon ula, zanen ya lashe inda tafin hannu ke kamawa, sauran wurare kuma da sauran kaifinsu. Lashewa iri ɗaya daga sama har ƙasa aikin sanfefa ne. Hoton intanet ba ya nuna wannan, don haka ka nemi hotunan kusa, da takardar da ke nuna hannayen da ya bi. Wanda aka dasa wa haƙorin babbar dabbar tekun nan whale kuwa, yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta taƙaita tsallaka iyaka da shi, kwastan na iya riƙewa.

Adanawa ita ce aikin. Itacen ya fito daga ƙasa mai laima, hunturunmu kuma na zuƙe shi farat ɗaya, kan ya tsage tunda can ya fi kauri. Sa shi cikin kabad mai murfi, nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki, tun kafin iskar Nuwamba ta kankama. Kada ka jingina shi da bango ko ka bar shi a ƙasa, saboda gara. In ka ga garin katako a ƙarƙashinsa, ƙwaro ya shiga: ɗaure shi a leda, ka raba shi da sauran kayan katako.

Ƙura kawai za ka share, da buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da fenti mai sheƙi, ban da man gyaɗa ko manja, domin suna danƙo su kama ƙura, su rufe tsohon launin da masu saye ke biyan kuɗi dominsa. Tsohuwar takarda ko lambar da ke manne a jikinsa ma kada ka ɓare ta, ko da ta yi datti.